Muciyoyi a Ƙofar Rediyo

Yaran yanzu sukan ce mini, "Tonton Habibu, aikinku ai zama ne. Takarda a gabanka, ka karanta, ka tashi, a ce ka yi aiki." Ba na musu da su, don tun ina yaro ba ni da bakin musu. Rubutu ya fi mini sauƙi. Saboda haka ga yadda aikin mai karanta sanarwa a rediyo yake, kamar yadda na koye shi a Zangon Wagadugu ina ɗalibin shari'a a jami'a, da yadda ya kusa ƙarewa a shekarar da aka sayar da tasharmu.

Sanarwar farko da na karanta ta ɓatan akuya ce. Mahaifiyata ta aike ni in kai takardar sunan jikanta gidan rediyon Metir Idrisa, wani tsohon malamin lakol, wato makarantar boko, da ya yi ritaya ya buɗe 'yar tasha a cikin gidansa. Ya dubi rubutuna, ya dube ni, ya ce mai karanta masa Hausa ya tafi Kumasi bai dawo ba, in zauna. Ya ajiye mini wata takarda: jar akuya mai farin goshi, da shuɗiyar igiya a wuya, ta ɓace tsakanin masallaci da mahauta. Na karanta ta yadda ake karanta darasi a gaban malami, da sauri, kaina a sunkuye. Kafin in kai ƙarshe ya rage muryata ya sa kiɗa.

"Etidiya, wa kake karanta wa?"

Na ce, "Mai akuya."

"Mai akuya ta san akuyarta. Wanda kake yi wa magana shi ne mutumin da ya gan ta jiya yana wucewa bai kula ba. In ka ce jar akuya, ka tsaya. Ba shi lokaci ya tuna. Sannan ka ba shi farin goshin."

Na sake karantawa. Ba a ga akuyar ba, amma an bar ni a kujerar. Sunan Etidiya kuma, wato ɗalibi, ya bi ni har bayan na bar makaranta.

Ɗakin da muke aiki bai fi ɗakin gwauro ba. An manna kwalayen ƙwai a bango don kada murya ta yi amsa-kuwwa. Makirufo ɗaya ne, an sa masa hular soson katifa, kuma tazararsa da baki ɗani ɗaya ce; in ka matsa kusa, kowane "fa" sai ya fashe a kunnen mai saurare. Akwai akwatin sauti mai maɓallai, rabinsu sun mutu, an ɗaura wa masu rai jan zare. Akwai rikoda ta kaset, da biro ɗaya wanda ba a rubutu da shi, aikinsa kawai naɗe zaren kaset in rikoda ta tauna. Akwai gurup, injin wuta, a bayan gida. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke sai wani ya ruga ya ja igiyarsa, ni kuma in ci gaba daga kalmar da na tsaya kamar ba abin da ya faru. Fanka ana kashe ta da zarar jan ƙwai ya kama, don makirufo yana jin ta, saboda haka a watan Afrilu kafin ka gama takarda ta jiƙe a hannunka. Ba a juya takarda, jan ta ake yi a hankali a kan tebur. Ba a shan ruwan sanyi kafin a shiga. Filin Hausa awa ɗaya ne bayan la'asar, sauran yinin na Mosanci ne, harshen Mosawa masu garin, da Faransanci.

Sanarwar rasuwa ita ce uwar aikin. Na tuna wani tela daga unguwar Gungin da ya zo a kan mobilet, ɗan ƙaramin babur, da takalmi wari ɗaya. Mahaifinsa ya rasu da hantsi, za a yi jana'iza bayan azahar. Ba lokacin Hausa ba ne, ana kiɗan Mosawa, amma Metir ya aika aka kira ni, ya rage kiɗan da kansa. Dokar gidan ke nan: mu ba ma kwana da gawa, don haka rasuwa ba ta jiran fili. Sai dai kafin ka buɗe makirufo akwai aiki. Mutumin da ya taso daga kan gawa ba ya iya jera magana. Ka zaunar da shi, ka tambaye shi ɗaya bayan ɗaya: sunan mamaci, da sunan da unguwa ta san shi da shi, ƙofar gidan da za a yi salla, wace maƙabarta, sannan dangi, babba kafin ƙarami. Telan ya gama lissafo dangi, Metir ya ce, "Marigayin ba shi da ɗan'uwa a raye?" Telan ya dafe kai. Ya manta da ƙanin mahaifinsa. Da an karanta babu sunan tsohon nan, da shekara ta zagayo ba su gaisa ba. Muryar rasuwa kuma ba muryar kuka ba ce. Masu kuka suna gida. Kai naka a ji wuri, a ji lokaci, ka maimaita.

Masu kawo talla yawancinsu Kanawa ne 'yan atamfa da shadda, su kuma damuwarsu Hausata. Wani Alhaji ya tsare ni a ƙofa bayan na karanta masa tallar sabon kaya, ya ce, "Yaro, butik kuma mene ne? Ni kanti gare ni." Washegari na ce kanti, sai wata haihuwar Zango ta tambaye ni ko Alhaji ya bar sayar da atamfa ne. Daga nan na koyi faɗin abu sau biyu ba tare da an lura ba: asibiti a farkon magana, lopital a ƙarshenta. Har yau ina mamakin yadda mutane suke zaune a layi ɗaya, suna salla a sahu ɗaya, amma sai an yi musu tafinta cikin harshe ɗaya.

Wadda ta fi kowa zuwa tashar ita ce Hajiya Ladi, Bakanuwa, dillaliyar atamfa, shugabar ƙungiyar mata masu sauraren filin Hausa. Sa'ar kakata ce, saboda haka angonta take kirana. Ba ta kawo sanarwa a rubuce. Tsayawa take a kaina ta faɗa, in rubuta, in karanta mata, ta ce ba haka ta ce ba. Suna, biki, walimar sauka, dawowar alhazai, duk ta hannunta suke biyowa. In na karanta abu bai yi mata ba, kafin in fito ta riga ni ƙofa.

"Angona, yau me ka ci? Ka karanta bikin 'yar mutane kamar kana karanta sammaci."

"Hajiya, zan gyara."

"Kullum zan gyara. Allah ya sa ranar namu auren ka ɗaga kai ka dube ni."

Shekarar wahala da takarda ta fara. Aka sake sharuɗɗan mallakar gidajen rediyo. Da yake shari'a nake karantawa, na je laburaren jami'a na nemo takardar na zauna da ita, in ji abin da ta ce da bakinta. Abu biyu na fahimta. Na farko, wanda zai sabunta izini dole ya zama kamfani mai rajista da jari da na'urori masu kyau, ba mutum ɗaya da ɗakinsa ba. Na biyu, an sassauta wa kamfani ɗaya ya riƙe tasha fiye da ɗaya. Kowane sharaɗi in ka dube shi shi kaɗai yana da hujja. Na'urarmu takan shiga cikin tashar maƙwabta in an yi ruwa, wannan gaskiya ne. Amma in ka haɗa su biyun, sai ka ga ƙananan ba za su iya zama ba, manyan kuma an buɗe musu ƙofar saye. Na nemi layi ɗaya da ya ce mai saye ya bar wa ƙananan harsuna filinsu. Ban samu ba.

Wani kamfani mai jarida da tashoshi a garuruwa ya riƙa bin ƙananan tashoshi yana saye. Ranar da mutanensa suka zo ganin tamu, na tsaya ina kallon abin da za su duba. Ba su taɓa makirufo ba. Kaset-kaset ɗinmu na shekaru, wa'azi da waƙoƙin biki, suka ce Metir ya riƙe abinsa. Da suka tafi na tambaye shi, "To Metir, me suka saya?"

Ya ɗauko rediyon da ke kan taga, ya ɗora yatsa a gurbin da allura take tsayawa in an kamo mu. "Wannan," ya ce. "Da kunnuwan da suka saba tsayawa a nan."

A lokacin ne kuma aka fara shafa wa gidajen Zango fenti, alamar za a tashi unguwar a yi manyan gine-gine. An yi tarurruka, an yi fitowa kan titi, gari ya ɗauki zafi. Wasu suka fara kwashe kaya tun ba a kore su ba, wannan ya koma Dasasgo, wancan Gungin, wani can bayan gari. A da in an yi rasuwa yaro ɗaya ya isa ya zagaya unguwa da ƙafa. Yanzu babu abin da yake kai wa kowa sai awar nan ta bayan la'asar. Wannan shi ne abin da yake hannunmu lokacin da aka mayar da tashar sabon gini a Paspanga.

Sabon ginin yana da katanga da ƙofar ƙarfe da gardi, da tsakar gida mai faɗi. Ɗakin karanta sanarwa yana da sanyi har sai na sa riga biyu. Kwamfuta ce take sa kiɗa, kuma waƙar da ake ji a tasharmu ita ake ji a sauran tashoshin kamfanin a lokaci guda, abin da na daɗe ina tambayar injiniya yadda ake yin sa. Metir ya koma gida. Aka kawo mana direkta, Misye Andre, ɗan Mosawa, ɗan jarida mai ladabi wanda yake gaishe da gardi kafin ya shiga. Ya kira ni ofis ya gaya mini gaskiya da Faransanci, ba ɓoye-ɓoye. Kamfanin zai duba kowane fili zuwa ƙarshen damina. Wanda ba ya kawo manyan tallace-tallace, ko masu buga telefon, za a cire shi. Hausawa kaɗan ne a garin, don haka filina yana cikin na farko da ake dubawa. Ya kuma ce tun da shi ba ya jin Hausa, kowace sanarwa in juya ta da Faransanci in ajiye masa a tebur.

Na ce, "Misye, mutanenmu ba sa buga telefon. Zuwa suke yi."

Ya ce, "Na gane. Amma babban buro, ofishin mai kamfanin, ba ya ganin wanda ya zo. Wanda ya buga yake gani."

Na kai wa Metir labari. Ya ce in ci gaba da karatu yadda na saba, in yi juyin Faransancin da gaskiya, kada in ƙara kada in rage, don ranar da aka kama mai sanarwa ya rage kalma ɗaya, ranar ya gama aiki. Hajiya Ladi kuma ta ji, ban san ta bakin wa ba. Ba ta ce mini komai a kai ba.

Wata ranar Alhamis ta zo da sanarwa. Ta tsaya a kaina kamar kullum. Duk 'yar ƙungiya, da duk macen da take jin filin Hausa, ta Zango da wadda ta tashi, su haɗu a ƙofar sabuwar rediyo ranar Asabar da hantsi, don sabon direkta. Kowace ta zo da muciyarta.

Ni na san abin da ake nufi, duk ɗan Zango ma ya sani. A unguwarmu in mutum ya tare a sabon gida, matan unguwa sukan je su hura masa wutar farko, su tuƙa tuwo a tsakar gidansa, a ci, a yi addu'a. Gidan da ba a yi masa haka ba ana ganinsa kamar ba a shiga ba. Tukwane da gari da itace da kayan miya, mai gayya ce take ɗaukar nauyinsu, ta ɗora a amalanken jaki. Muciya kaɗai ce ba a aro. Kowace mace ta san nauyin tata da tsawonta, kuma in tuwo ya yi gudaji da muciyar wata, ba a san wa za a zarga ba. Shi ya sa sanarwar ba ta ambaci tukunya ba. Na karanta ta ranar Alhamis, na maimaita ranar Juma'a, na juya ta da Faransanci kalma bayan kalma, na ajiye a tebur.

Ranar Asabar na iso a keke na tarar da mata sun fara taruwa, ƙofar ƙarfe kuma a kulle. Gardi ya shigar da ni ta ƙaramar ƙofa ya mayar da sakata da sauri. Misye Andre yana tsaye a ofis, takardata a hannunsa, kwalar rigarsa a jiƙe duk da sanyin ɗakin.

"Misye Habibu, da bakinka ka karanta wannan a tashata?"

"E, Misye. Sau biyu."

"Sau biyu!" Ya zauna, ya sake tashi. "An ce mini mahaifiyarka tamu ce. Ba ta taɓa gaya maka abin da muciya take nufi ba in ta fito daga madafi?"

Sai a lokacin na tuna. Mahaifiyata 'yar Mosawa ce, kuma duk ɓarnar da muka yi muna yara ba ta taɓa nuna ɗayanmu da muciya ba. Takan ajiye ta tukuna, ta goge hannu, sannan ta nemo takalmi. A wurin Mosawa, mace ta ɗauko muciya ta fito da ita ta ɗaga wa namiji, magana ta ƙare ke nan, babu sauran roƙo. Ana cewa namijin da aka buga da ita ba ya sake zama namiji. Na san wannan a gidanmu da Mosanci. Ban taɓa kawo shi kusa da wata sanarwa ta Hausa ba.

Na ce, "Misye, girki suka zo yi. Maraba ce."

"Girki?" Ya ja ni taga ya ɗaga labule. "Nuna mini tukunya ɗaya."

Na duba. Mata sun cika titi har gaban shagon mai faci, da mayafansu na fita kunya. Babu tukunya, babu itace, babu ƙullin gari ko ɗaya. Muciyoyi ne kawai, dogaye da gajeru, wasu a kafaɗa, wasu ana kare rana da su.

"Amalanke ne bai iso ba," na ce.

"Misye Habibu, kai mutumin kirki ne, amma kai ma ɗansu ne. An shafa wa gidajensu fenti, sun ji za a cire filinsu, sun zo ƙofata da muciya. Tun jiya da yamma na buga wa mai kamfanin."

Rana ta ɗaga, mata suka gaji da tsayuwa. Wata ta ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfe da abin da ke hannunta, wata ta taya ta. Ƙarfe da itace, ƙarar ta cika tsakar gida. Gardi ya bar kujerarsa ya koma bayan tankin ruwa. Na ce a bar ni in fita in yi musu magana. Ban taɓa yi wa taro magana ido da ido ba, a ɗaki ni kaɗai na saba, amma na leƙa ta ƙaramar ƙofa.

Hajiya Ladi tana gaba. "Angona! Haka ake tarbar amare a gidan nan? Mun ƙone."

"Hajiya, ina amalanke?"

"Yana hanya. An toshe layinmu da ƙasa, sai ya zagaya. Ina mai gidan? Ka ce masa ya fito mu gan shi." Tana magana tana nuna ofis da muciyarta, don ita da duk abin da ke hannunta take nuni. Na ga labulen ofis ya sauka.

"Hajiya, don Allah ku sauke su ƙasa. Shi a wurinsu..."

"A wurinsu me? Ba sa cin tuwo?"

A bayanta na ga wasu haihuwar Wagadugu sun dubi juna. Ɗaya ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Wata ta zura tata cikin zani a hankali.

Na koma ciki in sake gwadawa, na tarar direkta yana kan telefon a tsaye, yana ta "Wi, Misye. Wi, Misye." Na ɗaga hannu in yi magana, ya yi mini alama in yi shiru. Da ya ajiye ya ce, "Mai kamfanin ya ce kada wata jarida ta zo ta ɗauki hoton wannan a ƙofarmu. Yana neman izinin wata tashar, ba ya son a ce ya fara da korar harshen mutane. Filin Hausa yana nan. Za a sa a rubuce. Zo ka gaya musu su koma gida."

Na ce, "Misye, na gaya maka girki suka zo yi."

"Na ji. Zo ka fassara."

Aka buɗe ƙofar ƙarfe rabi. Ya tsaya a bayana, ya yi magana da Faransanci, na juya da Hausa yadda Metir ya koya mini, ina tsayawa bayan kowace gaɓa. Kamfani yana gaishe da iyaye mata. Kamfani ya ji. Filin Hausa na bayan la'asar ba za a taɓa shi ba. Sanarwar rasuwa kuma za a ci gaba da karanta ta duk lokacin da ta zo. Wannan na ƙarshen shi ya ƙara da kansa, ban san ya lura da ita ba.

Guɗa ta tashi. Duk muciyar da ke titin ta yi sama a lokaci guda. Misye Andre ya sunkuya har goshinsa ya bugi kafaɗata.

Yana ɗagowa, sai ga jaki ya karyo kwana. Amalanke a bayansa, manyan tukwane a kife an ɗaure su da igiya, buhun gari, damin itace, jarkar man gyaɗa, da kabewa biyu suna gangara. Mata suka dare suka ba shi hanya, ya wuce ta gabanmu ya shiga tsakar gida kamar gidan ubansa. Direkta ya bi amalanken da kallo har ya tsaya. Sannan ya dube ni. Ni kuma na dubi ƙasa.

Aka kafa murhu a gindin katanga, aka hura wuta. Na tsaya ina kallon yadda suke karɓa-karɓa a kan tukunya ɗaya, kowace ta zo da tata muciyar ta tuƙa ta ja baya. Kafin azahar an kwashe tuwo da miyar taushe. Injiniya ya ci, gardi ya fito daga bayan tanki ya ci, mai faci ya tsallako ya ci. Aka kai wa direkta nasa ofis a rufe da faifai. Da na shiga ɗauko kwanon na tarar ya cinye, yana zaune yana kallon telefon.

"In na buga yanzu," ya ce, "ni ne mutumin da ya kulle ƙofa don tsoron masu girki. Kai kuma filinka ya koma inda yake jiya."

"Haka ne, Misye."

"Kai ɗalibin shari'a ne. Akwai dokar da ta ce sai na buga?"

Na yi tunani sosai, don ba na son in ba da amsar da ban tabbatar ba. Na ce ban san da ita ba.

Bai buga ba. Takarda ta zo daga babban buro da hatimi. A watannin da aka rushe Zango, awar nan ta ɗauki wata irin sanarwa da ba mu taɓa yi ba: wane mai gyaran agogo ya koma Dasasgo kusa da famfo, makarantar malam wane tana Gungin yanzu, wance tana neman maƙwabciyarta ta shekara da shekaru. Ina karanta su da tsayawa a tsakani, in ba mutum lokaci ya nemo abin rubutu. Da na ba Metir labarin ranar Asabar ɗin, ya yi dariya har tari ya kama shi, sannan ya tambaye ni ko na juya maganar direkta daidai. Na ce daidai. Ya ce to shi ke nan.

Bayan takardar ta zo, Hajiya Ladi ta ce in kai ta ta gaishe da direkta. Ya tashi ya ba ta kujerarsa. Ta yi masa addu'a mai tsawo, ina fassarawa. Sannan ta ce, "Ka gaya masa alheri ba ya tsayawa a hanya. Mun ji akwai babban mai gida a sama da shi. Matan ƙungiya sun ce za su je can babban buron su tuƙa masa shi ma, a yi godiya."

Na fassara. Misye Andre ya riƙe gefen tebur.

"Ka ce mata an gode ƙwarai," ya ce. "Ka ce mata... ka ce mata likita ya hana mai kamfanin cin tuwo."

Na gaya mata. Ta ce Allah ya sawwaƙe, Allah ya ba shi lafiya. Ta gyara mayafi, ta miƙe, ta kai ƙofa, sannan ta juyo. Ba ni ta duba ba, shi ta duba.

"Angona, ka ce masa ya kwantar da hankalinsa. Muddin ina jin muryarka bayan la'asar, muciyata tana madafi."

Na juya masa ita kalma bayan kalma.